Na Rufe Ido a Kan Abinci a Sabha

Sunana Luka, ɗan Malam Ayuba tica. Iyayena daga kudancin Kaduna suka zo, amma ni a Gwarzo aka binne cibiyata, kuma in kana bayan katanga ka ji ina magana za ka rantse Bakano ne ɗan Bakano. Sana'ata gini. Fastonmu ya daɗe yana bina in tashi a coci in ba da shaidar yadda Allah ya fito da ni daga Libiya. Na ce masa, Fasto, ni ba zan tsaya gaban mata da yara ina sharɓar majina ba, ka bar ni in rubuta, wanda ya ga dama ya karanta.

Kafin in hau da ku hanya sai na faɗa muku wani abu game da gidanmu, don a kansa komai ya rataya. A gidanmu ba a sa hannu a abinci sai an sunkuyar da kai, an rufe ido, an gode wa Allah. Mama ba ta wasa da wannan. Ludayin miya na hannunta, in ta hango ƙwayar idonka a buɗe sai ka ji shi ƙwal a bayan yatsu. Haka na tashi, har abin ya zama ba ni nake yi ba, jikina ne yake yi. Ko gyaɗa aka miƙo mini ina saman gini, sai idona ya rufu kafin in kai ta baki.

Wanda ya fi kowa cin ribar wannan hali nawa shi ne Auwalu, ɗan Malam Isiyaku na Kabo, malamin Islamiyya. An kawo shi Gwarzo wurin kawunsa don ya yi firamare, ya faɗa ajin Baba, daga nan ya zama ɗan gidanmu. Kwano ɗaya Mama take zuba mana. Shi bisimillarsa ba ta ɗaukar lokaci, ni kuwa addu'ata da tsawo. Sai ya ce, "Rufe idonka, Luka, ina tsare maka." In buɗe ido in tarar tsokar nama ta yi ƙafa, shi kuma yana kallon rufin ɗaki da kumatu a cike. Damben da muka yi a kan wannan ba ya ƙirguwa. Tare muka koyi gini, tare muka yi gemu, mutumin nan bai daina ba.

Ni na ja shi zuwa Libiya. Wannan ba zan ɓoye ba. Wani ne ya riƙa turo mini hotunan gine-gine ta waya, yana cewa can magini sarki ne, ni kuma na yi ta hure wa Auwalu kunne har ya yarda. Da muka je yi wa mahaifinsa sallama, Malam bai yi dogon zance ba. Ya ce, "Luka, kai ne babba. Ga ƙaninka nan, amana." Na buga ƙirji na ce, "Baba, da hannuna zan dawo maka da shi." Bakin nan nawa shi yake ja mini tun ina yaro.

A Agadas aka zuba mu a wani kango mai ƙofar ƙarfe, kwana tara muna jiran mota. Mai kula da wurin wani siriri ne mai haƙorin Makka, shi ke rubuta sunayen matafiya. Da aka zo kaina na ce Luka, sai ya ajiye biro ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Da wannan sunan za ka haye? Akwai wurare a gaba da in suka ji shi, ranka ya zama na banza. Daga yau Lukman kake."

Na ce masa sunan da ubana ya raɗa mini ba a gidan uban wani na aro shi ba. Na fara ɗaga murya, Auwalu ya kama gwiwar hannuna ya fitar da ni tsakar gida.

Ya ce, "Ka ji, Luka, ba wanda ya ce ka bar addininka. Ni ma ba zan yarda ka shiga sahu kana yi wa Allah wasan kwaikwayo ba. Suna ne kawai, Allah ya san wanda ke cikin rigar. Hausarka ta Kano ce, sallamarka ta fi tawa tsawo, ba mai gane ka. Abu ɗaya nake tsoro."

Na ce, "Mene ne?"

Ya ce, "Idon nan naka. Ka koyi cin abinci da shi a buɗe."

Na koma na ce wa siririn ya rubuta Lukman. Ƙaramin Littafi Mai Tsarki da matata Rifkatu ta sa mini a jaka na cusa shi a wani rami a jikin katanga, na toshe da ƙasa. Bakina ya yi ɗaci duk yinin nan, na ji kamar na yi wa Yesu yaudara a bayan idonsa, alhali ba shi da bayan ido.

Motar da ta zo mai buɗaɗɗen baya ce. Aka jera jarkokin ruwa da aka naɗe da buhu, aka ɗora mu a kai, ƙafafu a waje, kowa da sanda a kafe tsakanin cinyoyinsa, ita za ka rungume. Wanda bai shiga hamada ba ya daina ba da labarinta. A rana ta biyu wani mutum da ke gefena ya yi gyangyaɗi, sandarsa ta kuɓuce, ya faɗa. Mun yi ihu, mun bubbuga kan motar. Direban ya zuro hannu ta taga da ƙaramar bindiga, ya harba sama sau ɗaya, ya ƙara wuta. Ina kallon mutumin ya miƙe yana gudu yana ɗaga hannu, yana ƙanƙancewa, har ya ɓace mini. Ko sunansa ban sani ba, dabino kawai muka taɓa rabawa.

A rana ta uku da tsakar rana 'yan fashi suka tare mu da motoci biyu. Suka sa mu kwanta rub da ciki a kan yashin da in ka fasa ƙwai zai soyu. Suka farke takalma da wuƙa, suka farke ƙugun wanduna, suka kwashe wayoyi. Mata biyu da ke cikinmu aka ja su bayan mota, kukansu har yau ban manta ba, kuma ba wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu, har da ni mai baki. Sai da ɗayansu ya fara soke jarkokin ruwanmu don mugunta kawai, sannan na ce, "Kai, ka ji tsoron Allah mana." Bai ji Hausa ba, amma ya ji muryar. Gindin bindiga ya sa mini a baki. Haƙorana biyu na gaba suna can.

Da ƙyar muka kai wata rijiya washegari. A nan muka tarar da wani tsoho mai kiwon raƙuma. Ba ya jin yarenmu, ba ma jin nasa. Ya dubi bakina da ya kumbura, ya jiƙa bakin rawaninsa ya goge mini busasshen jinin a hankali, kamar mai goge wa jikansa. Ya tatso nono a ƙwarya ya miƙo mini. Ina karɓa kaina ya fara sunkuyawa, sai na ji an mintsine ni a cinya. Auwalu ne, yana kallon wani waje kamar ba shi ba. Na sha nonon da ido a buɗe, na yi godiyata a ciki.

A garin Gatrun, cikin Libiya, direban ya shigar da mu wani gida ya ce mu huta. Muna kallonsa ya sha shayi da wasu masu bindiga, suka yi musabaha, ya hau motarsa ya tafi. Mu wawaye muna ta jiran ya dawo. Sai da aka turo wata rufaffiyar mota aka fara loda mu da duka, sannan Auwalu, wanda ke jin Larabci saboda karatun gidansu, ya raɗa mini cewa an sayar da mu.

Inda aka kai mu gidan buga bulo ne a bayan garin Sabha, katanga doguwa, ƙofa ɗaya. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta muna kwaɓa siminti, muna bugawa, muna ɗauka. Mai tsaron mu wani ƙato ne da muka sa wa suna Mai Tiyo, don wani guntun tiyon ruwa da ya cika da yashi ya ɗaure bakinsa, ba ya rabuwa da shi. In ya sauke maka shi a baya, numfashinka sai ya tsaya. Kullum idonsa ja, bakinsa na warin abin da ya sha, ban taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba. Amma shi ne mai tambayar addinin mutane.

Akwai wasu mutum biyu da muka tarar, daga wata ƙasa ta bakin teku, an kama su da gicciye a wuya. Kowace safiya kafin a fara aiki Mai Tiyo sai ya sa an kwantar da su ya yi musu goma goma, yana cewa karin kumallonsu ne. Ina tsaye a layi ina kallo, sunana Lukman. Ɗayansu ya taɓa haɗa ido da ni, na kau da kai. Wata rana aka sa su a mota aka fita da su, motar ta dawo babu su. Wanda ya mutu a gidan nan kuwa, wani rami ne a bayan katanga inda ake zubar da fasassun bulo, nan ake jefa shi.

Mai dafa mana abinci wani dattijo ne ɗan Damagaram, Baba Idi, mai ɗingishi, ya daɗe a wurin har ya daina ƙirga watanni. Shi ya riƙa ɓoye mana ƙanzo a cikin riga. Ina jin ya gane ni tun da wuri, don wata rana ya ce mini, "Ɗana, kowa da inda yake kai kukansa. Kai dai ka yi a hankali." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Na koyi ci da ido a buɗe. In an kawo abinci Auwalu na dama da ni, gwiwarsa na manne da tawa, da ya ga kaina ya fara yin ƙasa sai ya zungure ni. Wata huɗu muna haka. Kewar gida ta ci ni. In ina kwaɓa siminti sai in riƙa jin muryar 'yata Alheri, wadda na bari tana koyon tafiya, in ga Rifkatu ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci tana ce mini, "Baban Alheri, za mu makara." Shi kuwa Auwalu zancensa ɗaya, dambun mahaifiyarsa da man shanu. Har sai na ce masa ya yi mini shiru ko in toshe bakinsa da siminti.

Sai wani ya haura katanga ya gudu. Don haka aka hana mu abinci kwana uku, aiki kuma bai tsaya ba. Mutane na faɗuwa da bulo a kai, tiyo na tashe su. A rana ta huɗu da azahar Baba Idi ya fito da manyan tasoshin makaroni. Muka zauna shida shida. Auwalu an aike shi ɗebo ruwa a tanki, ba ya kusa.

Tururin abincin ya bugi fuskata. Allah ya sani, ban yi niyya ba. Ba jarumta ba ce, kada wani ya tashi a coci ya ce Luka ya tsaya wa bangaskiyarsa. Yunwa ce ta kwashe mini hankali, jikina ya koma gidan Mama. Kaina ya sunkuya, yatsuna suka sarƙe, idona ya rufu, leɓuna suka motsa har zuwa cikin sunan Yesu. Na ji wurin ya yi tsit. Da na buɗe ido, takalman Mai Tiyo ne a gaban tasar.

Da ƙafa ya fara, a ƙirji. Na faɗa baya, ya bi ni da tiyo ta ko'ina, ka, wuya, haƙarƙari. Ya sa aka kira Auwalu, don ya san shi ke fassara, ya kuma san tare muke. Auwalu ya zo da bokiti a hannu, ya ajiye, ya dube ni, ya dubi tasar. Bai tambayi kowa abin da ya faru ba.

Mai Tiyo ya yi magana, Auwalu ya ce mini, "Yana tambayar sunanka."

Na tofar da jini na ce, "Luka."

Wata huɗu ban faɗi sunan nan ba. Tsoro kamar ya kashe ni, amma na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Mai Tiyo ya yi dariya. Ya miƙa wa Auwalu tiyon, ya nuna ni, ya yi magana. Ba sai an fassara mini ba. So yake Auwalu ya doke ni da hannunsa a gaban kowa, ya nuna ba ruwansa da ni. Na ce, "Auwalu, doke ni. Don Allah doke ni, ba komai." Da gaske nake. Na san hannunsa, zai san inda zai sauke.

Auwalu ya riƙe tiyon yana juya shi. Sai ya yi magana da Larabci, a hankali, ba ɗaga murya, kamar yadda yake yi wa mai gida bayani in an ce a sake gini. Ya durƙusa ya ajiye tiyon a ƙasa, ya miƙe.

Mai Tiyo bai ɗauki tiyon ba. Rodi ya zaro daga cikin tarin ƙarafa. Na yunƙura, mutum biyu masu bindiga suka danne ni, ɗaya ya taka mini wuya. Da idona na gani. Na farko a hannu, na ji ƙarar ƙashin. Na biyu a haƙarƙari. Auwalu ya faɗi, ya dunƙule, yana kiran sunan Allah. Mutumin nan bai tsaya ba sai da ya gaji, sannan ya ɗauki bulo mai inci tara, irin wanda muka buga da hannunmu, ya sake masa a ƙirji. Ina ihu ina cewa ni ne, ni ne, ba shi ba ne. Ba wanda ya saurare ni.

Abin da ya hana a gama da ni shi ne mai wurin, wanda ya saye mu, ya shigo da motarsa a daidai lokacin. Ba tausayi ba ne. Ya ga ana lalata masa ma'aikata, kuma mu biyun ne kaɗai magina na gaske a gidan. Ya zazzage Mai Tiyo, ya ce a ɗauke mu.

A rumfar siminti muka kwantar da Auwalu. Da yamma na tambayi Baba Idi abin da ya faɗa da Larabci. Dattijon ya ce, "Cewa ya yi, kwanonmu ɗaya tun muna yara, uwarsa ta ciyar da ni. Ya ce addinin da ubana ya koya mini bai ce in doki mutum don ya gode wa Allah a kan abinci ba. Ya ce in dukan ne ka yi da hannunka, ka kuma tanadi amsar da za ka bayar ranar gobe."

Kwana biyu Auwalu ya yi a kwance. In ya yi tari jini ne ke fitowa. Ran nan da hantsi ya buɗe ido ya dube ni, har da ɗan murmushi.

Ya ce, "Luka, idon nan naka dai."

Na ce, "Ka yafe mini, Auwalu. Ni na kawo ka, ni na kashe ka."

Ya ce, "Kai kullum sai ka cika baki. Kai ne mai kashewa? Ka ji, kada ka bari su jefa ni ramin can. A yi mini yadda ake yi a gida, don Baba zai tambaya."

Baba Idi ya matso yana laƙanta masa kalmar shahada, yana amsawa a hankali. Kansa na kan cinyata har ya cika.

Da suka zo ɗaukarsa na tsaya a bakin rumfar. Na ce Baba Idi ya faɗa wa mai wurin, ko a ba ni diga da shebur da wuri, ko a harbe ni a haɗa mu biyu a ramin, amma in ba a bar ni na binne shi ba, hannuna ba zai sake taɓa siminti ba. Mutumin ya dube ni ya ɗaga kafaɗa, ya nuna wani lungu a gindin katanga.

Ni Kirista ne, amma a Gwarzo na tashi, na raka gawar maƙwabta maƙabarta ba sau ɗaya ba, na ga yadda ake yi. Na haƙa babban rami, na haƙa ƙarami siriri a cikinsa daidai tsawonsa. Tsawonsa kuwa ba sai na auna ba. Baba Idi ya yi masa wanka da jarka ɗaya ta ruwa, ya kwance farin rawaninsa, muka haɗa da wani zanen gado da ya wanke, ya zama likkafani. Musulmin da ke gidan suka ajiye aiki suka yi sahu, ko masu bindiga ba su hana ba. Baba Idi ya ja sallar, ni ina gefe a tsaye. Muka kwantar da shi a kan damansa, fuskarsa na kallon alƙibla. Babu itace, babu fasassun tukwane da za a rufe ƙaramin ramin, sai na zaɓo bulo masu kyau cikin waɗanda ni da shi muka buga, na jera su ɗaya bayan ɗaya, na toshe tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada yashi ya zubo masa. Ban taɓa yin gini da kulawa irin wannan ba.

Fitowata ba dabarata ba ce. Bayan wasu makonni faɗa ya ɓarke tsakanin masu bindiga a unguwar, harsashi na huda kwanon rufi, masu tsaron mu suka hau mota suka gudu suka bar ƙofa a buɗe. Na ga Mai Tiyo a bakin hanya a kwance, rabin fuskarsa babu. Na ɗauka zan ji daɗi, ban ji komai ba. Na goya Baba Idi muka bi bayan gonaki. Wani direban motar tumatir ya ɓoye mu a cikin kwanduna, bai tambaye mu suna ba, bai tambaye mu addini ba, har burodi ya saya mana. Daga hannu zuwa hannu muka kai inda ake tara masu son komawa gida. A nan muka rabu da dattijon, shi aka sa shi layin 'yan ƙasarsu, ni aka sa ni jirgi.

Na iso Gwarzo ba haƙora, ba jaka, ba Auwalu. Rifkatu ta rungume ni tana kuka tana yabon Allah. Alheri ta ɓuya a bayan zanenta, ba ta san ni ba. Mama ta dafa tuwo da miyar karkashi, aka zauna, kowa ya sunkuyar da kai. Ni idona ya ƙi rufuwa. Da na gwada sai in ga takalman nan a gaban tasa, zuciyata ta riƙa bugawa kamar za ta fito. Na ci da ido a buɗe. Mama ta gani, ludayi na hannunta, ta ajiye shi a hankali ta juya baya.

Gaskiya fushi nake yi da Allah. Mutanen coci na ta zuwa suna cewa Ubangiji ya kiyaye ka, ni kuwa a raina ina cewa, to Auwalu fa? Ni na yi ƙarya, ni na ɓoye suna, ni na kau da kai ana dukan 'yan'uwana, ni na yi kuskuren, amma ni ne a zaune ina cin tuwo. Tun ina makarantar Lahadi ake faɗa mini Yesu ya ɗauki dukan da ya kamace ni, na haddace, na rera, na koya wa wasu. Ban san nauyin maganar ba sai da na ga an danne ni a ƙasa ana karya wani a madadina. Ban ce Auwalu Almasihu ba ne, shi ma da zai ji da ya zage ni. Amma a jikinsa na gane cewa wanda aka fansa ba shi da abin taƙama, kuma ba ya iya biya. Abin ya fi ƙarfina, ya hana ni sakat.

Kwana goma sha ɗaya ban je Kabo ba. Labari ya riga ya kai cewa na dawo ni kaɗai. Ran nan da safe Rifkatu ta ajiye mini riga a kan gado ta ce, "Baban Alheri, tsohon nan yana zaune yana jiranka. Tsoronka bai kai jiransa ciwo ba. Tashi." Na ɗauki rigar na sa, na kama hanya.

Na sami Malam Isiyaku a zaure, ɗalibai sun tashi. Na cire takalmi na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi Baba, ya tambayi Mama, ya tambayi iyali da gajiyar hanya, duk na amsa kaina a ƙasa. Sannan ya ce, "To, Luka, ina jinka."

Na faɗa masa komai. Ban rage ba, har sunan da na ara, har idon da na rufe, har tiyon da ɗansa ya ajiye a ƙasa da abin da ya faɗa. Na ce, "Baba, ka ba ni amana na ci. Ga ni, duk abin da ka ga dama ka yi da ni."

Carbinsa ya tsaya a hannunsa. Ya yi salati a hankali. Daga cikin gida na ji kuka ya tashi, ashe mahaifiyar tana bayan ƙofa.

Ya ce, "Ya samu shahada?"

Na ce, "Ya samu, Baba. A kan cinyata."

"An yi masa wanka? An sallace shi?"

"An yi. Da likkafani, da sahu."

"Wa ya haƙa kabarin?"

Na ce, "Ni. Na yi masa ƙaramin ramin, a kan damansa yake, yana kallon alƙibla. Ƙasa ba ta taɓa fuskarsa ba."

Sai a nan hawaye ya gangaro masa cikin gemu. Bai share ba. Kukan cikin gida ya fara raguwa. Can ya ce, "Alhamdu lillahi. Abin da ya hana ni barci ke nan. Na ba ka shi a tsaye, kwanansa ya ƙare, ka kwantar da shi yadda ya kamata. Ba ka ci amana ba, Luka."

Na yi niyyar tashi, ya ce in zauna, mahaifiyarsa ta ce ba zan bar gidan nan ban ci abinci ba. Aka miƙo kwano daga ciki. Dambu ne da man shanu, da tsoka biyu a kai. Malam ya wanke hannu, ya jawo kwanon tsakaninmu, ya yi bisimilla. Na miƙa hannu ido a buɗe, kamar yadda na saba yanzu. Sai ya kama wuyan hannuna.

Ya ce, "Ba haka Auwalu ya ce mini kana ci ba. Sau nawa ya zauna a nan yana ba mu labari yana dariya." Sannan ya ce, "Rufe idonka, ɗana. Ina tsare maka."

Na sunkuyar da kai. Na rufe ido. Ban ga takalma ba. Ban iya haɗa addu'a ba, na gode kawai nake ta maimaitawa, cikin sunan Yesu, hawaye na ɗiga a kan tabarma, tsohon bai saki hannuna ba. Na daɗe a haka.

Da na buɗe ido, naman yana nan, ya turo duka biyun gabana.